Jan Layin da Ke Jikin Gada

Fenta ake ce masa tun gashinsa na baƙi har ya yi fari, in kuwa ka kira shi da sunansa na yanka sai ya waiga ya ga ko da wani kake. Shagonsa na bakin gada, ɗaki guda mai warin kananzir, alluna jingine da bango, wasu ana jiran su bushe, wasu masu su sun manta da su. Duk allon da ke wannan titi hannunsa ne, na mai aski, na kemis, na makarantar yara, har da na mai gyaran rediyon da ya rufe shago tun shekara goma ya bar allonsa na lilo. Mutum ne mai ji da kansa a kan sana'a, kuma faɗin haka ba ƙazafi ba ne. In ya ga harafi a karkace a allon wani, sai ya haɗe rai kamar an zage shi, ya ɗauko maganar har gida. Matarsa ta ce, "Maigida, kai ka rubuta?" Ya ce, "Da ni na rubuta ai da ba a ga haka ba."

Aikin da ya fi ji da shi kuwa ba wanda ya taɓa sa shi. A ƙarƙashin gadar akwai faffaɗan bangon siminti da ke tare ƙasar gaɓa, ana ganinsa sarai in an leƙo daga sama. Mahaifinsa, wanda shi ma fenti ne sana'arsa, shi ya fara: duk shekara in ruwa ya janye, sai ya sauka da burushi ya ja ɗan baƙin layi daidai inda kogin ya tsaya, ya rubuta shekarar a gefe. Sha tara tsohon ya ja kafin hannunsa ya fara rawa, Fenta ya ɗora ashirin da shida a kai. Rubutun tsohon siriri ne, yana ɗan kwantawa dama. Fenta kan tsaya ya daɗe yana kallonsa, amma ko za a yanka shi ba zai ce kewa ce ba.

A cikin baƙaƙen layukan akwai ja guda ɗaya, mai kauri, daga wannan gefen bangon zuwa wancan. Ga dalilinsa. Layin gangare da ke bayan kasuwa, inda teloli da masu wanki suke, ba ta saman gaɓa ruwa ke shigarsa ba. Akwai wani ƙaton kwalbati da ke kwashe ruwan kwatocin unguwa ya zuba a kogi. In kogin ya cika ya toshe masa baki, sai ruwan ya juyo da baya ya ɓullo ta kwata a tsakar gidajen mutane, alhali gaɓa na nan a bushe da sauran tsayin mutum guda. Tsohon ya ɗauki shekaru yana lura kafin ya gano wurin: ruwa na taɓa nan, saura sa'a ɗaya da 'yan mintoci ya ɓullo a gidajen. Don haka ranar da kogi ya lashi jan layi, sai Fenta ya ɗauki galan da ba komai a ciki da guntun sanda, ya gangara yana duka yana cewa a ɗaga kaya. Sau bakwai ya yi haka a rayuwarsa, sau shida ruwa ya zo. Na bakwan da bai zo ba, shi mutanen layin suka riƙe, don ɗan Adam ya fi tuna ranar da aka tashe shi a banza.

A can ƙarshen layin, inda ya fi kwari, ƙanwarsa take. Tela ce, mijinta ya rasu ya bar mata 'ya'ya huɗu da keken ɗinki ɗaya, ita ta mai da shi uku, biyu daga ciki masu amfani da lantarki. Ita ce ta fi kowa yi masa tsiya a kan galan, ita ce kuma ta fi kowa saurin kwance kekuna in ta ji shi.

Ana nan sai ga haɗin gwiwa. Jami'a da wani kamfanin waya suka zauna a ɗaki mai sanyi suka sa hannu a takarda cewa za su ƙarfafa wa al'umma juriya ga bala'i. Al'ummar ba ta san an ƙarfafa ta ba sai da motoci biyu suka tsaya a bakin gada. Daga ɗaya wani dogon malamin jami'a ya fito, sanye da falmaran mai aljihu ya fi goma, ana ce masa Dokta. Daga ɗayar kuma jami'in kamfani, wanda ƙamshinsa ke riga shi isa wuri, shi ya sa kafin yamma unguwa ta laƙaba masa Mai Turare. Jami'a za ta kawo ilimi, kamfani ya kawo na'ura. Za a kafa ta a kan falwaya tana kallon ruwa, in ya yi yawa ta tura wa kowa saƙo a waya.

Suka kira taro a wani aji na makarantar yara, wai jin ra'ayin jama'a. Manya suka duƙunƙune a bencin yara, gwiwa na taɓa haɓa. Dokta ya yi minti arba'in yana nuna taswira mai launi-launi da aka ɗauko daga sama, wadda ba a ganin kwalbati a cikinta. Da aka ce ko akwai mai magana, Fenta ya miƙe ya yi bayanin jan layi da kwalbati, dalla-dalla, yana zana shi a iska da yatsa.

Dokta ya gyaɗa kai har sau uku. "Madalla, Baba. Wannan shi muke kira ilimin gargajiya, kuma muna mutunta shi ƙwarai."

"Ba gargajiya ba ne, ranka ya daɗe," in ji Fenta. "Kwalbati ne."

"Na gane. Amma ka san ambaliya, a ilmance, ita ce ruwa ya haura gaɓa. A nan za mu saita na'urar."

"To wanda ke shiga ɗakin ƙanwata fa, mene ne sunansa a ilmance?"

Aka yi dariya. Mai Turare ya dubi agogo ya ce lokaci ya ja, a tafa wa Baba. Aka tafa, aka miƙa masa hula mai tambarin kamfani, wani ya rubuta a littafi cewa an ji ra'ayin jama'a. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma ba a ba mai ɗaki digiri a kan haka.

Da a nan abin ya tsaya, da Fenta ya ci gaba da galansa su ci gaba da falwayarsu. Sai dai Mai Turare ya leƙa ƙarƙashin gada ya ga bangon. Ga faɗi, ga shi yana fuskantar titi, ga ruwa na gudana a gabansa. Ya ɗaga yatsu ya yi murabba'i da su ya leƙa ta ciki, ya ce nan ne wurin hoto. Za a shafe shi da ruwan ɗorawa, launin kamfani, a zana tambarin jami'a da na kamfani suna gaisawa, a rubuta a ƙasa: Tare Mun Fi Ƙarfin Bala'i.

Har shago ya iske Fenta. "Baba, an ce mana duk faɗin garin nan babu hannu irin naka. Ni ban yarda ba sai da na ga allon kemis ɗin can."

Fenta ya ce, "Wannan ma ai na gaggawa ne."

"To ka gani. Amma in aikin ya yi maka girma, ba komai. Akwai masu buga leda da inji, sai mu manna."

Nan ya taɓo shi inda yake masa ciwo. Leda da inji, a bangon tsohonsa, a ƙofar shagonsa, ya riƙa fitowa kowace safiya yana ganin tana ɓanɓarewa. Ya ce layukan fa? Dokta, wanda ke tsaye a bakin ƙofa yana kare hanci daga warin kananzir, ya ce wannan ai mai sauƙi ne. Ya sauka rabin gangaren don kada takalminsa ya taɓa laka, ya ɗaga waya ya ƙyasta hoto sau biyu, ya ce, "Shi ke nan, Baba, an adana. Zai shiga kwamfutar jami'a, jikokinka ma za su gani."

A gida matarsa ta ajiye abin da ke hannunta ta dube shi. "Rubutun Baba ne fa."

"Yana cikin kwamfuta."

"Kai ka gan shi a ciki?"

"Ke me kika sani game da kwamfuta?"

"Daidai abin da ka sani," in ji ta, ta ci gaba da aikinta.

Ya kamata a faɗi gaskiya a kan Fenta, tunda an faɗa a kan sauran. Ba wanda ya ɗaure masa hannu. Yabo aka shafa masa a baki ya lashe. Kuma da ya tashi aikin, sai ya yi shi irin nasa. Fentin layukan na mai ne, in an shafa sabo a kai zai riƙa nuna ƙuraje, kuma ba a taɓa ganin ƙurji a aikin Fenta ba. Sai ya sayo samfefa da burushin ƙarfe, ya kafa tsani, ya kwana uku yana gurzar bangon, shekara bayan shekara, har simintin ya fito fes. Ranar da ya zo kan rubutun tsohon bai ci abincin rana ba, amma bai tsaya ba. Ya shafa fari, ya bari ya sha, sannan ruwan ɗorawa har sau uku.

Dabara ɗaya ya yi. Kafin ya gurje jan layin, ya ɗaura zare daidai kansa, da ya gama rubutun sai ya ja wani jan layi a wurin, kamar ado ne a ƙarƙashin kalmomin. Ya yi ta murmushi shi kaɗai, yana ganin ya jefi tsuntsu biyu da dutse ɗaya. Ana gobe buki Mai Turare ya zo duba aiki, ya fito da takardar da aka aiko daga hedkwata, ya duba ta ya duba bango.

"Baba, wannan jan fa?"

"Ado ne."

"Babu shi a takarda. Tambarin kamfani ba a ƙara masa ko ɗigo. Ja ma launin abokan hamayyarmu ne, so kake a kore ni?"

Fenta ya dubi jan layin. In ya yi gardama, za a ce fenta ya kasa bin zane. Ya ɗauki samfefa ya sauka.

Bukin ya yi kyau, ba laifi. Rumfuna huɗu, lasifika, kujerun roba da aka ɗaura wa ƙyalle. Shugaban jami'a ya ce ilimi ya fito daga aji ya shiga kasuwa, shugaban kamfani ya ce su riba ba ta dame su ba, kuma bai yi dariya ba da ya faɗa. Suka gaisa a gaban bango har sau uku saboda mai hoto bai shirya ba. Aka danna wani abu don gwaji, wayoyin mutane suka ɗauki ƙara a lokaci guda, wuri ya kaure da tafi. Ƙanwar Fenta ta dafa kafaɗarsa tana dariya ta ce, "Yaya, ka huta da dukan galan. Ka ba ni shi in riƙa zuba man keke." Kowa ya yaba bangon. Fenta ya ji daɗin yabon, abin da ya fi ba shi haushi daga baya ke nan.

Ruwan ya zo a ƙarshen damina, ranar da ba a ko yi yayyafi a garin ba. Can saman kogi aka kwana biyu ana tafka ruwa. Da azahar kogin ya canza launi, ya fara ɗauko rassa da robobi da wata matacciyar akuya. Fenta ya bar allon da yake rubutawa ya je ya leƙa. Bango sumul, ruwan ɗorawa yana ƙyalli, tambari biyu na gaisawa, ruwa na hawa a hankali.

Ya san jan layin na ƙasa da haruffan. Taƙi biyu ne ko uku? Shekara arba'in yana kallon wurin, bai taɓa aunawa ba, don wa ke auna abin da ke gabansa. Da ya ɗaura zaren ma ido ya bi, bai ƙirga ba. Ya runtse ido ya kwatanta, ya buɗe ya ga ruwan ya ƙara. Ya ɗauko galan ya ajiye. Ya tuna karo na bakwai, da yadda aka yi wata guda ana kwaikwayon tafiyarsa a kasuwa. Ya dubi na'urar a kan falwaya, 'yar fitilarta kore tana ƙiftawa hankali kwance. Ya tsaya ya ƙara gani. Wannan tsayuwar ta ci kusan rabin sa'a.

Da ya gangara yana duka, mutane suka leƙo, kowa ya zaro waya ya duba ya mayar aljihu. Wani mai wanki ya ɗaga masa wayarsa daga nesa ya ce, "Baba, masu ilimi ba su ce komai ba tukuna." Waɗannan su ne mutanen da ya fitar da katifunsu sau shida.

Ya iske ƙanwarsa a kan keke, kayan makaranta na ɗalibai jibge a tabarma har kusan ƙugu, jibi za a zo karɓa.

"Tashi ki kwance kekunan nan."

Ta dubi wayarta da ke kan teburi. "Ba saƙo, Yaya."

"Bar ta waya. Ruwa na zuwa."

Ta tsayar da keken. Ta dube shi irin kallon da take masa tun suna yara in tana son gaskiya. "Ya taɓa jan layin?"

Da can amsar kalma ɗaya ce, kuma tana jin ta take miƙewa. Yau ya ce, "Ina jin ya taɓa."

"Kana ji."

"Ai kin san an shafe."

"Na sani. In na kwance yanzu, yini guda ya tafi, ga kayan mutane. Bari mu ɗan gani." Ta taka keken.

Ba su daɗe suna gani ba. Kwatar tsakar gida ta yi wani gurnani ta amayo baƙin ruwa mai wari, kafin a ce kwabo ya shigo shago ta ƙarƙashin ƙofa. Suka ciccibi keke ɗaya su biyu suka kai kan titi. Da suka dawo ruwa ya kai cinya, ya shanye injinan sauran biyun, kayan ɗalibai na yawo a kai. Aka fitar da yara da tsofaffi, ba a rasa rai ba, wannan kam an gode Allah. Mutanen layin suka jeru a kan titi a jiƙe suna kallon rufin shagunansu. Gab da faɗuwar rana, da ruwan ya ga dama ya haura gaɓa a ilmance, wayoyinsu suka ɗauki ƙara a lokaci guda kamar ranar buki. Mai wanki ya karanta da ƙarfi: ana shawartar jama'a su kasance cikin shiri. Ba wanda ya tafa.

Ƙanwarsa ba ta zage shi ba, da ma ta yi. Tana matse bakin zaninta ta ce, ba tare da ta dube shi ba, "Da ka ce min ya taɓa, da na tashi."

Bayan mako biyu motocin suka dawo. Dokta ya zo da rahoto mai bango mai sheƙi, wanda ya tabbatar cewa na'ura ta yi aiki ɗari bisa ɗari, domin ta tura saƙo a daidai tsayin da aka saita ta. Abin da ya kawo cikas, in ji rahoton, shi ne ƙarancin bayanan tarihi game da kogin, saboda haka jami'a da kamfani sun amince a shiga zango na biyu. Ya tsaya a ƙofar shagon Fenta, falmaran ɗin nan dai, ya ce, "Baba, kai da ka daɗe a nan, ko ka san wani dattijo da ya taɓa rubuta tsayin ruwan nan shekara-shekara? Ko na shekara goma ne, zai yi mana amfani matuƙa."

Fenta ya ce, "Hoton da ka ɗauka fa?"

"Wane hoto?" Ya shafa aljihu biyu-uku. "Af, na bango? Ai na canza waya."

Mai Turare kuwa ba wannan ne ya dame shi ba. Laka ta ɓata tambari, ya ce, ko Baba zai sake shafawa kafin bukin zango na biyu, tunda hannunsa ne ya san wurin. Fenta ya juya ya shiga shago har suka gaji suka tafi.

Washegari da safe ya sauka ƙarƙashin gada da wuƙar kankara da gwangwani biyu. Matarsa ta biyo shi ta tsaya a sama, ta jingina da ƙarfen gada. Ya je kusurwar da layin tsohon na farko yake, ya fara kankarewa a hankali. Ruwan ɗorawa ya fita, sai fari. Fari ya fita, sai siminti, sumul, ba ko ɗigon baƙi. Ya matsa gaba ya kankare wani wurin, ya sake matsawa. Ko'ina haka. Ba a taɓa cewa Fenta ya yi aikin ha'inci ba.

Ya buɗe baƙin fenti ya ja layi daidai inda laka ta tsaya, ta tsakiyar hannuwan da ke gaisawa, ya rubuta shekarar a gefe. Ya gwada kwantar da rubutun dama irin na tsohon, bai yi kama ba. Sannan ya buɗe ja, ya tsoma burushi, ya ɗaga shi taƙi biyu ƙasa da haruffan. Ya sauke zuwa uku. Ya sake ɗagawa.

Matarsa ta leƙo ta ce, "Maigida, ina ne wurin?"

Fentin ya gangaro ta jikin burushin ya bi hannunsa har gwiwa, yana nan tsaye bai taɓa bangon ba.